Yarinya mai lafiya ta fara jijjiga, magana ta ɗauke: da gaske garkuwar jiki tana iya yaƙar ƙwaƙwalwa?

Kawun Yarinya (Birni, Damagaram)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da ma'aikatan kiwon lafiya da ke wannan zaure, tare da roƙon wanda Allah ya ba sani a kan abin da zan faɗa ya taimaka mini da bayani, domin al'amarin ya tsaya mana a rai.

Ƴar ƙanwata ce, shekararta 9, tana zuwa lakwal da safe da islamiyya da yamma, kuma tun haihuwarta ba ta taɓa kwanciya jinya ba, in ban da masassarar damina wadda ba ta barin yaro a garin nan. Bayan girbi, da sanyi ya fara shigowa, ta yi zazzaɓi da ciwon kai na ƴan kwanaki, aka ba ta magani ta miƙe. Ba a jima ba sai halinta ya soma sauyawa. Yarinyar da aka sani da kunya da ladabi ta koma dukan ƙannenta da kuka ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace mata, wani dare ma ta ce tana ganin mutane a ɗaki alhali babu kowa sai uwarta. Muna cikin haka sai ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, idanu sun kafe, kumfa na fita a baki. Aka kai ta likitar unguwa, awon jini ya nuna masassarar cizon sauro, aka yi mata allurai. Zazzaɓin ya sauka, amma jijjigar ta ci gaba da dawowa, maganarta ta yi ta raguwa har ta kai kalma ɗaya ko biyu kawai take iya furtawa, bakinta yana ta motsin tauna babu komai a cikinsa, hannayenta kuma suna murɗewa ba da sonta ba.

Yanzu haka tana kwance a asibiti. An ɗebi ruwan bayanta aka ce ba sanƙarau ba ne, an yi mata sikana ta kai aka ce ba a ga komai ba. Ɗaya daga cikin likitocin ya ce yana zargin garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwarta, kuma yana so a fara mata maganin da zai danne garkuwar tun kafin a samu awon da zai tabbatar da zargin, domin a cewarsa sai an aika da ruwan nesa kafin a yi wannan awo. A gida kuwa kai ya rabu. Kakarta da wasu goggonninta sun ce tunda na'ura ba ta ga komai ba to iska ce, a sallamo ta a kai ta ƙauye wajen masu magani. Mahaifinta yana ci-rani a Aljeriya, uwarta ba ta iya komai sai kuka, saboda haka ni aka sa a gaba in yanke shawara.

Abin da nake son sani shi ne, da gaske akwai irin wannan cuta, kuma tana kama yara? In akwai, ta yaya hoto zai kasa ganinta? Ya dace a ba yarinya magani mai ƙarfi irin wannan a kan zato? Sannan wannan jijjigar, ita ce farfaɗiyar da muka sani, wadda za ta zauna da ita har girmanta? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Majo Mai Ritaya (Mirya)

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku haƙurin jinya. Ni majo ne da ya ƙare aikinsa a ƙananan likitocin karkara tsakanin Mirya da Magarya, saboda haka zan bar bayanin garkuwar jiki ga likitoci, in tsaya a kan abin da hannuna ya saba da shi.

Duk wanda ke zaman jinyarta ya kamata ya san abin yi idan jijjiga ta taso, domin sau da yawa abin da ƴan'uwa ke aikatawa cikin ruɗewa ya fi jijjigar kanta illa. A kwantar da ita a gefenta don yawu da amai su zubo waje, a kawar da duk abin da zai ji mata ciwo, a sa zane a ƙarƙashin kanta, kuma kada a danne ta. Kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, kuma na ga haƙoran yara da dama da aka karya a banza ta wannan hanya. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko man shanu sai ta farfaɗo sarai, in ba haka ba huhu zai tafi. Kada a turara mata hayaƙi, kada a kai ƙafarta kusa da wuta. A riƙa duba agogo: idan jijjigar ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko wata ta biyo wata ba tare da yarinya ta dawo hayyacinta ba, a kira ma'aikacin jinya nan take ya ba ta Valium, maganin tsayar da jijjiga. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a kai ta ƙauye a halin da take ciki.

Inda nake da ja shi ne gaggawar danne garkuwar jiki. A ƙasarmu, yaron da ya zo da zazzaɓi da jijjiga, masassarar da ta hau kai ce ko sanƙarau, har sai an tabbatar ba su ba ne. Muna tsakiyar yankin sanƙarau, kuma lokacinsa ne ke shigowa, daga sanyi zuwa bazara. Ba mu manta ba, daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Idan an yi wa yaro allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi ruwan bayansa, awon yana iya fitowa babu ƙwaya alhali cutar tana nan. Akwai kuma tarin fuka da ke hawa ƙwaƙwalwa, wanda shi ma a hankali yake zuwa da sauyin hali da rama, kuma idan aka danne garkuwar mai shi ba a haɗa da maganin tarin ba, cutar sai ta ƙara ƙarfi. Ka tambayi uwarta ko akwai mai tsohon tari a gidan, da ko kare ya taɓa cizon yarinyar ko yakusarta a watannin baya, ka faɗa wa likita amsar ko bai tambaya ba.

Sannan idan ƴan gida suka ji cewa maganin dangin deksa ne, kada wani ya je wajen masu tallar magani a kasuwa ya sayo ƙwayar nan da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, yana ganin ya rage wa gida kashe kuɗi. Ba a wasa da wannan magani, likita ne ke fara shi, likita ne kuma ke janye shi sannu a hankali.

Likitar Yara

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Ban ga yarinyar ba, kuma likitan da ke kanta ya fi ni sanin halinta, amma abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da cutar da yake zargi, kuma a ganina ya yi tunani mai kyau. Tsoron da Baba Majo ya nuna yana kan hanya, zan dawo kansa.

Cutar tana nan, kuma tana kama yara. Aikin garkuwar jiki shi ne ta ƙera sinadaran kariya masu manne wa ƙwayoyin cuta, amma wani lokaci takan yi kuskure ta ƙera waɗanda ke manne wa wani sashe na jikin mutum kansa, kuma idan sashen a ƙwaƙwalwa yake, sai a samu kumburin ƙwaƙwalwa na garkuwar jiki. Iri-iri ne, amma wanda ya fi yawa a yara shi ne mai taɓa wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira NMDA, ta cikinsu ne saƙo ke wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya wajen koyo da tuna abu da sarrafa hali. Likita Josep Dalmau da abokan aikinsa a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka ne suka bayyana shi a 2007, a jikin mata 12, 11 daga cikinsu masu ƙari a ma'ajiyar ƙwai. Tun kafin wannan shekara cutar tana nan, ganewa ce ba a yi ba, ana kai masu ita asibitin masu taɓin hankali, ko a ce kumburi ne wanda ba a san dalilinsa ba. Daga baya aka gane ba ta manyan mata kaɗai ba ce: a wani babban bincike da aka buga a 2013 a kan mutum 577, kashi 37 cikin 100 ba su kai shekara 18 ba, kuma kusan 8 cikin kowane 10 mata ne. A manya takan fara da alamun taɓin hankali, a yara kuwa jijjiga da motsin jiki marar dalili da ɗaukewar magana da rashin barci su ne kan gaba.

Dalilin da ya sa hoto bai nuna komai ba yana cikin yadda cutar ke aiki. Sinadaran nan ba su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Manne wa ƙofofin suke yi, sai ƙwayar ta janye ƙofofin zuwa cikinta, saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata. Ka ɗauka kasuwar Dole ce aka wayi gari an rufe ƙofofin shagunanta: gini yana nan, kaya suna nan, ciniki ne ya tsaya, kuma wanda ya ɗauki hoton kasuwar daga nesa ba zai ga ɓarna ba. Sikana ta fi gwanancewa wajen ganin zubar jini da ƙari da karaya. Hoton IRM, wanda ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi ta gani, amma shi ma a wajen biyu cikin uku na masu wannan cuta ba ya nuna komai. Abin da ya fi tona ta shi ne awon wutar ƙwaƙwalwa, wato EEG, wanda ke fitowa da matsala a kusan 9 cikin 10, sai kuma ruwan baya, inda ake yawan samun fararen ƙwayoyin jini sun ɗan ƙaru, suga yana daidai, kuma babu ƙwayar cuta. Saboda haka ka tambayi likitan da kyau, domin a ce ba sanƙarau ba ne daban, a ce ruwan lafiya lau yake daban. Wannan bayani shi ne kuma dalilin da ya sa ake warkewa: tunda ƙwayoyin ba su mutu ba, idan sinadaran suka ragu ƙofofin suna dawowa.

Batun ba da magani a kan zato, ba zato ne na kai-tsaye ba. A 2016 masana suka fitar da ƙa'idar da likita zai bi ya fara magani ba tare da jiran awon sinadaran ba. Sharaɗin shi ne alamu su bayyana cikin ƙasa da wata 3, a samu aƙalla huɗu daga cikin shida, wato sauyin hali ko ruɗewar tunani, lalacewar magana, jijjiga, motsin jiki marar dalili, dusashewar hayyaci, da rikicewar numfashi ko bugun zuciya ko zafin jiki. Sannan EEG ko ruwan baya ya nuna matsala, kuma an kawar da sauran cututtuka. Bisa ga bayaninka, ƴarku tana da huɗu na farko. An yi wannan ƙa'ida ne domin jira yana da hatsari. A binciken nan na 2013, cikin mutum 501 da aka bi sawunsu, 394 sun samu sauƙi mai kyau cikin shekara biyu, 30 sun rasu, kuma waɗanda aka fara wa magani da wuri su ne suka fi warkewa. Sai dai a tuna cewa yawancin waɗannan a asibitoci masu cikakkun kayan aiki aka yi jinyarsu, abin da ke ƙara nuna mana cewa mu a nan ba mu da halin barin cutar ta kai matakin tsayar da numfashi.

Baba Majo, Allah ya ƙara lafiya, kawar da sauran cututtuka da ka nace a kai shi ne rabin aikin. Masassarar da ta hau kai cikin kwana ɗaya ko ƴan kwanaki take sumar da yaro, kuma idan aka sa masa atesunat, allurar masassara mai tsanani, yakan farfaɗo cikin kwana biyu zuwa uku; ba ta ɗaukar makonni tana sauya hali tana cin magana a hankali. Awon gaggawa da ya nuna masassara ba hujja ba ce cewa ita ce ta jawo jijjigar, domin bayan damina yara da yawa suna yawo da ƙwayar a jininsu lafiya lau, kuma awon yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an sha magani. A Malawi, a wani bincike na 2004, an duba gawar yara 31 da aka ce masassarar kai ce ta kashe su, aka tarar 7 wata cuta ce daban. Tarin fuka ana nemansa da hoton ƙirji, kuma a ruwan baya yakan saukar da suga ƙwarai. Haukan kare idan ya bayyana ba ya barin mai shi ya daɗe haka. Wadda nake ƙarawa a kan jerin Baba ita ce bairos ɗin hapis, mai kawo kumburin ƙwaƙwalwa shi ma, kuma al'adarmu ita ce mu sa maganinsa, asikilobir, ta jijiya tare da sauran magunguna har sai hankali ya kwanta a kansa. Abin lura ma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi kumburin hapis sukan biyo baya da na garkuwar jiki cikin wata biyu zuwa uku.

Maganin farko shi ne Solumédrol, dangin deksa mai danne garkuwar jiki, ta jijiya, mai yawa, na kwana 3 zuwa 5, sannan a ci gaba da na baki ana ragewa. Ana haɗa shi da imunogulobulin, wato sinadaran kariya da aka tace daga jinin mutane masu lafiya, giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, ko kuma a tace ruwan jinin marar lafiya da na'ura. Imunogulobulin yana da tsada sosai, domin yarinya mai kilo 25 giram 50 take bukata, amma rashinsa ba dalili ba ne na ƙin fara Solumédrol. Kusan rabin marasa lafiya sukan fara samun sauƙi cikin mako huɗu da waɗannan. Waɗanda ba su motsa ba ana wucewa da su zuwa wasu magungunan danne garkuwa, ritukzimab ko sikulofosfamid.

Game da farfaɗiya, a wannan cuta jijjiga alama ce ta kumburin, ba ita ce cutar ba. Magungunan farfaɗiya irin su Gardénal da Dépakine da Keppra danne ta kawai suke yi, shi ya sa take dawowa muddin ba a taɓa tushen ba. Mafi yawan yaran da suka warke jijjigar tana tafiya gaba ɗaya, kuma bayan wani lokaci likita yakan janye maganin a hankali. Akwai wani iri daban, wanda Theodore Rasmussen ya bayyana a Montreal ta Kanada a 1958, mai cin ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa cikin watanni ko shekaru, ya bar yaro da fizgar gefe ɗaya da shanyewar rabin jiki. Shi yana barin farfaɗiya mai wuyar magani, amma ba kasafai ake ganinsa ba, kuma bai yi kama da abin da ka faɗa ba.

Maman Yara (Zango)

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta bayaninka sai da na yi hawaye, domin ɗana ya yi wannan ciwo yana ɗan shekara 6, kuma ga shi yau yana zuwa lakwal da ƙafarsa. Ba ni da ilimin likita, amma ina da na zaman jinya, shi nake so in ba ƙanwarka.

Ku shirya wa doguwar tafiya. Da aka fara wa ɗana maganin, mun zaci za mu ga sauƙi nan da nan, sai ma ya ƙara rikicewa, ya daina haɗiye abinci har aka sa masa robar hanci. A lokacin ne dangi suka fi matsa mana cewa maganin asibiti ne ke ƙara masa, mu cire shi. Da mun cire shi a ranar, ban san inda za mu same shi ba. Sauƙin da ya zo, a jere ya zo: jijjiga da taunar baki suka fara lafawa, sai ya soma bin mutum da ido, sai haɗiya, sai zama, magana kuwa ita ce ta ƙarshe, kuma ta dawo kalma-kalma. Bayan an sallame mu ya yi watanni yana da saurin fushi da mantuwa da ci ba ƙoshi, fuskarsa ta kumbura saboda maganin, kuma ya haura shekara kafin in ce ɗana ya dawo yadda na san shi. Har yau bai tuna komai na kwanakin asibiti ba.

Kafin a gane ciwon, a wani wuri da muka fara zuwa an ɗauka taɓin hankali ne, aka yi masa allurar kwantar da masu taɓin hankali, jikinsa ya sanƙare, zazzaɓi ya rufe shi. Daga baya likitan da ya karɓe mu ya ce masu wannan ciwo ba su cika jure irin wannan allura ba. Don haka duk maganin da wani zai ƙara mata, a sanar da likitanta tukuna.

Abin da ya fi ciwon kansa ƙona mini rai shi ne yadda wasu maƙwabta suka ware masa kofi, suka hana ƴaƴansu zama kusa da shi, wai yawun mai jijjiga yana sa a ɗauka. Ba a ɗauka, mu da muka share masa yawu dare da rana ga mu nan lafiya. Ku riƙa yi mata magana ko ba ta amsa ba, kada a faɗi abin da zai karya zuciya a gabanta, kuma a samu mai karɓar uwarta ta riƙa runtsawa.

Malamin Islamiyya (Garin Malam)

Wa alaikumus salam. Malam, ka isar wa kakarta da gaisuwata, ka faɗa mata cikin ladabi cewa babu wanda ya ce a bar addu'a. Ana yin ruƙiyya a bakin gadon asibiti kamar yadda ake yi a gida, ba ta bukatar a cire wa yarinya ƙarin ruwa, ba ta bukatar duka ko shaƙa mata hayaƙi ko ɗaure ta. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma a wata ruwaya an ƙara cewa wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. Rashin ganin abu a na'ura ba ya mayar da shi aikin aljani, kuma ga Likita ta bayyana dalilin rashin ganin. Idan kakar za ta fi natsuwa da jin wannan daga bakin malami, ka nemi limamin unguwarku ya je ya zauna da ita, ya kuma je asibitin ya yi wa yarinyar addu'a a gabanta.

Kawun Yarinya (Birni, Damagaram)

Na gode, Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta wa uwarta da kakarta amsoshinku, kuma an amince ta zauna a asibiti. Na koma wajen likitan da tambayoyin Baba Majo: babu mai tari a gidan, kare bai taɓa ta ba, hoton ƙirji lafiya, kuma ya ce fararen ƙwayoyin jini sun ɗan ƙaru a ruwan bayan, suga yana daidai. An fara Solumédrol tare da asikilobir.

Likita, saura abu biyu. Mahaifinta ya kira ya ce a ɗauke ta zuwa Yamai ko Kano ko nawa za a kashe, shin mu tashi yanzu ko mu dakata? Sannan an rubuta mana eko, wato hoton ciki, ni kuwa na kasa gane abin da ya haɗa cikin yarinya ƴar shekara 9 da ciwon ƙwaƙwalwa.

Likitar Yara

Madalla, Malam, Allah ya sa a dace. Ekon don neman ƙarin nan ne na ma'ajiyar ƙwai da na ambata. Wani irin ƙari ne da ke ɗauke da ɗan naman jijiya mai irin waɗannan ƙofofi na NMDA, garkuwar jiki ta fara yaƙarsa, daga nan yaƙin ya wuce ƙwaƙwalwa. A matan da suka balaga ana samunsa a kusan rabi, a ƴan matan da ba su kai shekara 12 ba kuwa kaɗan ne ƙwarai, wajen 6 cikin 100. Duk da haka ana dubawa, domin idan yana nan cire shi yana cikin maganin, kuma ko ba a gani ba likita zai iya cewa a sake dubawa nan gaba.

Tafiya kuwa, ba na ba da shawarar a katse kwanakin Solumédrol don hawa hanya. Yamai wajen kilomita 900 ce, Kano ta fi kusa amma akwai ƙetare iyaka, kuma yarinya mai jijjiga wadda ba ta haɗiya da kyau ba a sa ta a motar haya. Abin da zai wajabta tashi shi ne idan numfashinta ko bugun zuciyarta ya fara rikicewa kuma babu gadon kulawa ta musamman inda take, ko idan an yi kamar mako biyu da gama maganin farko babu alamar motsi, ana bukatar imunogulobulin ko ritukzimab wanda ba a samu a nan ba. A lokacin ma likitanta ne zai kira takwaransa na can ya tabbatar akwai gado da maganin, ya rubuta takardar turawa, a tafi da motar asibiti da ma'aikacin jinya mai Valium da iskar oksijin. Kuɗin da mahaifinta ya tanada zai fi amfani idan aka ajiye shi don wannan mataki.

Kafin nan, ka roƙi likitan a adana ɗan ruwan bayanta da jininta a firij, musamman kafin a sa mata imunogulobulin, don a iya aikawa da su awon sinadaran. Ruwan baya ya fi jini tabbas a wannan awo. Ku riƙa ɗaukar bidiyon jijjigar da motsin bakin da waya, domin ba kowane motsi ne jijjiga ba, kuma likita yana bukatar bambanta su kafin ya ƙara magani. Ku samu littafi ku riƙa rubuta yawan barcinta da abin da ta ci da kalmomin da ta furta kowace rana, ta haka ne ake gane ƙaramin sauƙi da ido ba ya kamawa. Bayan sallama kuma ku riƙe ranakun komawa asibiti, domin kusan 12 cikin 100 cutar takan dawo musu cikin shekara biyu, galibi da sauƙi fiye da karon farko, kuma idan kuka ga barci ya sake ƙaurace mata ko maganarta ta soma raguwa, ku kawo ta tun kafin jijjiga ta biyo baya.